Sanarwa: kallon gwajin harba rokar Starship

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kamar yadda muka tsara, za mu haɗu a Samaru, ɗakin da muke karatun dare, mu kalli gwajin harba Starship na kamfanin SpaceX kai tsaye daga jihar Texas ta Amurka. Tsayin rokar ya haura mita 120, ɓangaren ƙasanta kuma injina 33 ne ke tashi tare. Ku zuba ido lokacin da ɓangarorin biyu za su rabu, nan ne ya fi burge ni. A Oktoban 2024 ma hannayen ƙarfe na hasumiyar wurin harbawa suka cafke na ƙasan yana saukowa! Iska ko ƴar matsala kan sa a ɗage harbawa, sai a zo da haƙuri. Akwai janareta in an ɗauke wuta. Ƴan Kongo da Tudun Wada, ku fito da wuri, ku taho da ƙannenku.