Ba Turawa ne suka koya wa sarakunan Awadh tambari ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi abin da baƙonku ya faɗa a shirin tarihi na daren Lahadi ya ɓata mini rai. Wai sarakunan Musulmin Indiya ba su san tambarin sarauta ba, wato alamar da ake sawa a tuta ko hatimi, sai da Turawan Ingila suka raba musu tutoci a taron Delhi na 1877. Mai gabatarwa kuma bai ce uffan ba!

Ni a Lucknow, babban birnin tsohuwar masarautar Awadh a arewacin Indiya, na yi karatu. A tsohon garin nan duk inda ka ɗaga kai sai ka ga kifi, biyu-biyu, sun lanƙwasa suna fuskantar juna a saman ƙofofi, har ɓawon jikinsu magina sun fitar. Suna nan a ƙofar Bara Imambara, ginin da sarkin Awadh, Nawab Asaf-ud-Daula, ya sa aka yi a 1784. Ka tambayi duk wani dattijo mai jin Urdu a wurin, zai ce maka asalinsu mahi maratib ne, girman da sarakunan Mughal, Musulmin da suka mulki Indiya kafin Turawa, ke bai wa manyan hakimansu: kan kifi na ƙarfe mai ruwan zinariya a bisa doguwar sanda, ana ɗauke da shi a gaban basarake ranar hawa. Ba kowa ke samu ba, kamar yadda a wajenmu ba kowa ake busa wa kakaki ba.

Baƙon naku ya manta cewa tun 1856 Turawa suka ƙwace Awadh, sarkinta Wajid Ali Shah ya ƙare rayuwarsa a Kalkata? Ƙwacen nan shekara 21 ke nan kafin taron da yake ta nanatawa. Abin da Lord Lytton, wakilin Sarauniyar Ingila a Indiya, ya yi a 1877 shi ne ya sa aka zana wa sarakuna garkuwa irin ta Turai a jikin tuta. Wannan ne zai zama mafari? Har gobe kifayen nan biyu suna cikin hatimin jihar Uttar Pradesh, inda Lucknow take. Yara na sauraronku suna haddacewa, don Allah ku dawo da shi ya gyara maganarsa.

Sannan kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin magana ya yi ƙarfi. Mahaifina ya manyanta, sai ya kanga rediyo a kunne, duk da haka rabin hirar ke wuce shi. A rage shi.

Naku,
Mai sauraro daga Kano