Wane Dikkon?

Rafindadi, Katsina
Daren Talata

Mutumina Babarbare,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ba ya gajiya? Na san ka ga kiran da na yi ta jera maka, kada ma ka soma ce mini matsalar sabis ce. Tunda wayar taka ta ado ce, ga takarda nan na ba direban da ke kai muku albasa. In ka ga dama ita ma ka ce ba ta iso ba.

Albishirinka! Ka ce goro. Uwargida ta sauka lafiya, an samu namiji, har an yi suna. Tana can gidansu a Ƙofar Marusa ana wankan jego, ni kuma na koma gwauron ƙarfi da yaji, kullum da daddare ina kan bencin mai shayi. Yanzu na gane wahalar da kake sha, Allah ya yaye maka. Asalin abin da ya sa na ɗauki biro tambaya ce a kan kuɗin adashen nan namu, amma tsaya tukuna ka ji abin da ya hana ni sakat.

Yaro ya ci sunan marigayi Baba, Muhammadu. To ka san a gidanmu ba mai buɗe baki ya kira wannan suna gatsal, dole a nemo na sakayawa. Mai jego da ƙannenta sun riga sun gama shawara tun ciki bai tsufa ba, wai Amir, har sun sa an buga a jikin kofunan rabo. Sai ga Inna ta sauka daga Ingawa da ƙwaryar man shanunta. Ta karɓi jariri, ta yaye zanen, ta daɗe tana kallonsa, ta ɗan ja hancin ta ce, "Wannan angon nawa an rage masa hanci, amma ba komai, Dikko ne." Magana ta ƙare. Ita a wurinta abin ba shi da tsawo: ɗan fari namiji a Fulani Dikko ne, mai bi masa Sambo, na uku Yero. Haka aka kira yayanta, haka aka kira kakanta. Kofuna dai an raba su da Amir a jiki, amma kafin a gama suyar rago ko su ƙannen matar tawa Dikko suke cewa.

Ni ma sunan ya kwanta mini. Ashe ban san abin da na jawo wa yaron nan ba.

Ina shiga ofis bayan suna, Dogo ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ba gwamna shawara na musamman!" Ofis ya ɗauki dariya. Wai na yi wa gwamna takwara ne ina neman muƙami. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, don tun da aka rantsar da Dikko Umaru Raɗɗa ranar 29 ga Mayun 2023, in ka ce Dikko a garin nan ba mai tambayar ka wanne. "Dikko ya biya?" "Dikko yana gari?" Haka ake magana a bakin kasuwa da cikin Keke Napep. Wata a ofis har da ba ni shawara in wanke hoton jaririn babba in kai gidan gwamnati, ko Allah zai sa a dace da kujerar Makka. Na yi rantsuwa har na gaji cewa Inna ce ta zaɓa, kuma Inna ko sunan kansilan mazaɓarta ba ta riƙe ba. Ba wanda ya yarda.

Dariya kake, na sani, amma abin yana ci mini rai. Ka san takardar ƙarin girmana ta daɗe a kwance. In ta fito yanzu ba mai cewa gumina ne, cewa za a yi jariri ya buɗe mini ƙofa. In kuma ba ta fito ba, a ce na yi asarar rago. Ta ko'ina ba ni da mafita.

Ban gama da wannan ba sai Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure kan buzunsa, rediyo a gefe, ya amsa gaisuwata a daƙile. Shi bai ma kawo zancen gwamna a ransa ba. Dikko ɗaya ya sani, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, kuma ga shi yaro sunan ya zo masa cif, Muhammadu da Dikkon duka. Ka tuna Kawu na bugun ƙirji da cewa kakarsa ta wajen uwa jinin Dallazawa ce? To ya ɗauko mini tarihi tun daga tushe. Yadda Dikko yake Durɓi lokacin da Turawa suka zo, yadda suka tuɓe Sarki Yero a 1906 suka naɗa shi, sarauta ta bar gidan Ummarun Dallaje ta koma Sulluɓawa, kuma tana nan har gobe: Usman Nagogo a 1944, Muhammadu Kabir Usman a 1981, Abdulmumini Kabir Usman tun 2008. Yana lissafawa yana lanƙwasa yatsu, sai ka ce jiya aka ƙwace masa rawanin. Ga kuma tsohuwar aƙidarsa ta NEPU da PRP da ba ta barin ya ji sunan sarki ya yi shiru. Ya ce, "Duk sunayen duniya ka rasa na sa wa jikana sai wanga?"

Da na ba Inna labarin tuɓe Yero, ka san me ta ce? Ta ce ai daidai aka yi, ina Yero zai zauna Dikko na tsaye!

Ni dai ban yi musu da Kawu a zaurensa ba, amma kai zan gaya maka ra'ayina. Ko me za a ce kan yadda ya hau, Sarki Dikko mutum ne mai hangen nesa, kuma Katsina ta ci moriyarsa. A zamaninsa aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin nan da ya zama gidan tarihi, wanda muka taɓa fakewa ruwa a barandarsa har mai gadi ya kore mu. A shekarar ce kuma ya tafi aikin Hajji yana kan gadon sarauta, ya bi ta Ingila ya gana da Sarki George na Biyar, a zamanin da sarki ko Kano zai je sai an yi shiri na musamman. Folo da garin nan ke taƙama da shi ma daga gidansa ya kafu. Ya yi shekara 38 yana mulki. In da sunansa na nufa ba abin kunya ba ne, sai dai ba shi na nufa ba.

Abin da ya sauko da Kawu shi ne da na tuna masa M.D. Yusufu. Na ce, Kawu, wancan D ɗin ai Dikko ne, daga gidan sarautar ya fito, amma da NEPU ya yi tafiya yana saurayi, ya zo ya zama Sufeto Janar na 'yan sanda daga 1975 zuwa 1979, ya kuma tsaya takarar shugaban ƙasa a 2003. Kawu ya yi shiru, ya ɓare goro, ya ce, "To, in wannan ne, Allah ya raya." Na ce amin da sauri na tashi kafin ya canza shawara. Yanzu a wurin Kawu yaron takwaran tsohon ɗan sanda ne, na bar shi a haka.

Af, kafin in manta, Dogon nan da ke tsokanata shi ma tasa ta same shi. Maganar ƙarin auren ta fasu kafin ya shirya, uwargida ta ji a bakin mai kitso. Kwanan nan tare muke cin indomi wurin mai shayi, kowa da dalilinsa. Kada ka nuna masa ka sani.

Mu koma kan Dikko. Ƙanen mai jego, ɗan autan nan mai bin Katsina United duk inda suka je, shi da ya ji sunan cewa ya yi an sa wa yaro sunan filin ƙwallo. Ka san filin nan an mayar da shi Muhammadu Dikko, amma har yau a baki Karkanda ake cewa. Shi ke nan ya laƙaba wa ɗana Karkanda. Jiya da na je dubo su, ina cire takalmi a ƙofar ɗaki na ji wata 'yar yarinya tana rarrashinsa, "Yi shiru Karkanda, yi shiru." Wannan ita ce ta fi ba ni tsoro, don irin wannan suna in ya kama mutum har furfura.

Mafi daɗi kuwa a majalisa aka yi shi, bayan La'asar. Tsohon direban nan mai gilashi da igiya, da aka ce masa sunan yaro Dikko, sai ya ajiye kofin shayi ya ce, "Allah dai ya tsare shi daga akwati." Samarin wurin ba wanda ya gane, sai da ya warware musu. Umaru Dikko yake nufi, mutumin Zariya, ministan sufuri na Shagari, wanda kuma aka damƙa wa kwamitin shigo da shinkafa. Da sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983 ya tsere Landan. Ranar 5 ga Yulin 1984 aka sace shi a ƙofar gidansa, aka yi masa allurar barci, aka sa shi cikin akwatin katako, tare da wani likita ɗan Isra'ila da aka rufe su tare don ya kula da numfashinsa a hanya. Sakatariyarsa ce ta hango ta sanar da 'yan sanda. An kai akwatin har filin jirgin Stansted, ga jirgin dakon kaya na Nijeriya yana jira, sai jami'an kwastan na can suka buɗe suka same shi a sume. Aka ɗaure mutum huɗu, uku 'yan Isra'ila, ɗaya ɗan Nijeriya. Gwamnatin lokacin, ta Janar Buhari na nan Daura, ba ta taɓa amsa cewa da hannunta ba, amma zumunci da Ingila sai da ya yi tsami. Mutumin ya rayu har 2014. Tsoho yana ba da labarin yana auna girman akwatin da hannuwa, har ya kaɗe butar wani. Samari suka ce ƙarya ce, fim ne, sai da ɗaya ya duba a waya ya yi tsit.

Daga nan kowa ya shiga jawo nasa. Wani ya ce Abdullahi Dikko Inde na Musawa, da ya shugabanci kwastan daga 2009 zuwa 2015. Mai rediyon nan ya ce har a Mali akwai, Imam Mahmoud Dicko da ya ja zanga-zangar Bamako a 2020, su can da rubutun Faransa suke rubuta shi. Gwaggon mai jego kuwa, da ta yi aikin jinya a Kaduna, ita da ta zo barka cewa ta yi likita za a yi, saboda Dakta Barau Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa. Kirista ne, ya yi karatu a Birmingham, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da ta rikiɗe ta zama NPC. Wannan na ƙarshen ban bari ya je kunnen Kawu ba.

Ka ga yaro ko cibiyarsa ba ta gama warkewa ba, an ba shi gwamna, an ba shi sarki, da ɗan sanda, da likita, da filin ƙwallo, da akwati. Kowa Dikkon zamaninsa yake ji, ko na buƙatarsa. Inna kaɗai ce in ta ce Dikko wannan ɗan jaririn mai guntun hanci take nufi.

Ita ma dai ta sha nata. Yayan mai jego ya taso daga Abuja da kayan barka, ya bugo waya, Inna ce kusa ta ɗauka. Ta ce, "Kana ina?" Ya ce, "Ina Dikko." Ta ce, "Yana barci." Ya ce, "A'a Inna, na ce ina Dikko." Ta ce, "Na ce maka barci yake, in tashe shi ne?" Sai da aka karɓi wayar aka yi mata bayani cewa gari ne a Jihar Neja, mararrabar nan da ke gaba da Suleja inda hanyar Minna ta rabu da ta Kaduna. Ta riƙe baki ta ce har gari aka yi masa tun bai yi arba'in ba.

Mun yi dariya, amma ni da na ji sunan wurin sai gabana ya faɗi. A mararrabar nan ce tankar mai ta faɗi a watan Janairun 2025, mutane suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi, sama da mutum 80 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Ta nan kake bi duk zuwanka gida, kuma na san halinka na son leƙa abin da bai shafe ka ba. Don Allah in kun tarar da tanka a kwance, ko direba ya tsaya kai ka yi nisa.

Yaushe za ka shigo? In ka bari sai Babbar Sallah, za ka tarar mai jego ta dawo ɗakinta, ka ci garar da kai. Inna ta ce in gaya wa bawanta na Barno ba ta ga turaren wuta ba, ba ta ga zanen goyo ba, kuma ba ta karɓar uzurin tuzuru. Direban zai juyo ranar Alhamis. Ka haɗo shi da manja galan ɗaya da busasshen kifin nan na wancan karon, ba mai ƙaya ba, ɗayan. Kuɗin motar kayan kai za ka biya, ni rago ya gama da ni.

Ka gaida mutanen masallacinku, da mai gidan hayar taka in kun shirya.

Naka,
Mutumin Rafindadi