Gasasshen ragon ranar Lahadi a Birtaniya da abin da yake ba jiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wani abinci da na daɗe ina lura da shi a nan Ingila, wato gasasshen naman ɗan rago da iyalai kan taru su ci da rana a ranar Lahadi, musamman lokacin bikin Ista, domin sau da yawa nakan ji mutanenmu suna cewa abincin Turawa ba ya riƙe ciki kuma ba ya gina jiki.

Cinya ko kafaɗa ake tsattsagawa a cusa tafarnuwa da ganyen ƙamshi, a gasa a tanda, sannan a yanka falle-falle. A gefe akwai gasasshen dankalin Turawa, karas, kabeji da koren wake, sai romon da aka kaɗa daga ruwan naman, da ɗan miyar na'a-na'a mai ruwan khal wadda ke kashe gundurar maiƙo.

Naman kansa yana da amfani ƙwarai. Giram 100 na dafaffensa yana ɗauke da kimanin giram 25 na furotin, ga bitamin B12 da zinki da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, irin wanda jiki ke saurin karɓa fiye da na ganyaye. Amma a ganina darajar wannan abinci tana cikin yadda ake raba faranti, domin nama yanka biyu ko uku ne kawai, kayan lambu kuwa su ne suka fi cin wuri. Hukumar lafiya ta ƙasar, NHS, ta ƙiyasta siraran yanka uku a kan giram 90, kuma tana shawartar masu cin fiye da haka kullum su rage zuwa giram 70, saboda alaƙar yawan cin jan nama da ciwon dajin hanji.

Inda nake da damuwa shi ne kitse da gishiri. Rago dabba ce mai maiƙo, dankalin ma a cikin kitse ake gasa shi, garin romo na kanti kuwa gishiri ya yi masa yawa, alhali giram 6 ne iyakar da aka ɗibar wa babban mutum a yini. Shi ya sa a gidana muke yanke kitsen kafin gashi, mu kwashe man da ya taso a kan romon, ragowar naman kuma mu ajiye domin girkin Litinin.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Birmingham, Ingila