A Hana Shigo da Kirefish Mai Rai Madatsun Ruwan Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin hukuma da masu kiwon kifi game da tallan da ake yaɗawa a intanet, wanda ke kwaɗaita wa matasa kiwon kirefish na ruwan daɗi.

Busasshen kirefish da muke saya a kasuwar Sabon Gari ƙananan jatan lande ne daga gaɓar teku, ba shi da wata illa ga kogunanmu. Wanda nake magana a kansa dabam ne: yana da ɓawo mai tauri da hannuwa biyu masu matsewa irin na ƙaguwa, yana kuma haƙa rami a gaɓa. Akwai fiye da iri 600 a duniya, mafi yawansu a Amurka ta Arewa, sai Ostireliya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na fuskantar barazanar ƙarewa. Amma a duk faɗin Afirka babu inda yake ɗan asali sai tsibirin Madagaska, saboda haka duk wanda aka gani a ruwanmu baƙo ne.

A 1970 aka saki jan kirefish na jihar Luwiziyana ta Amurka a tafkin Naibasha na Kenya da niyyar samun kuɗi, sai ya cinye bado da ciyawar cikin ruwa, wadda ƙananan kifaye ke fakewa a cikinta. Daga baya ya bazu a kogin Nilu a Masar. A Zambiya kuwa, wani iri daga Ostireliya ya tsere daga wuraren kiwo ya shiga kogin Kafue da tafkin Kariba, inda masunta ke janyo raga su tarar an gwaguye kifin da ya kamu. Su kansu Turawa ba su tsira ba, domin baƙin kirefish ɗin da suka zo daga Amurka sun kawo wata cuta da ta kashe kirefish ɗinsu na gida a koguna masu yawa.

Mu duba namu. Ruwan Tiga ne ke shayar da shinkafar Kura da Kadawa, kuma dabbar da ke huda gaɓar kanal da kunyar fangali asara ce kai tsaye ga manomin rani. Daga Tiga da Challawa ruwan nan Haɗeja yake nufa har fadamar Nguru, wadda tuni kachala ta toshe hanyoyinta, mutane na fama da ita shekara da shekaru. Ambaliya ɗaya ta damina ta isa ta kwashe abin da ke cikin tankin wani mai kiwo zuwa kogi, kuma wannan dabba tana iya fitowa ta yi tafiya a kan ƙasa mai laima.

Don haka ina kira ga hukumar killace kayan gona da ke lura da shigo da dabbobi, da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a nan Kano, da sashen kifi na ma'aikatar gona ta jiha, su hana shigo da shi da rai, su kuma nuna wa masunta hotonsa domin su kai rahoto idan sun gan shi. Matashin da ke neman sana'a kuwa, tarwaɗa da karfasa suna da kasuwa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga unguwar Gwale, Kano.