Wasiƙa zuwa ga Baba: kangon da na gani a Goa

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kuna lafiya, ku da Inna da Gwaggo da su Kawu da ƙannena baki ɗaya. Ni ma lafiya lau a nan Bengaluru. Mun gama jarrabawa, sai jiran sakamako, a sa mu cikin addu'a.

Da aka ba mu hutu, wani abokin karatuna Kirista ya gayyace ni jiharsu Goa, a bakin tekun yammacin Indiya. Su ba Ingilishi ne suka mulke su ba, Turawan Fotugal ne, tun 1510 da suka ƙwace garin daga hannun sarkin Musulmi na Bijapur, Adil Shah, har 1961 da sojojin Indiya suka fitar da su. Shi ya sa za ku ga Ba'indiye baƙi wuluk amma sunansa na Fotugal.

Ya kai ni tsohon birninsu a gaɓar kogin Mandovi, wanda annobar kwalara da zazzaɓin cizon sauro suka watse da mutanensa, har aka mayar da hedikwata Panaji. A kan wani tudu akwai kangon coci da gidan zuhudu na fada-fadan Katolika mabiya wani waliyyinsu Agustin, waɗanda ba sa aure, suna zaune wuri ɗaya suna ibada da karatu. An gama ginin a 1602. Kada hankalinku ya tashi, Baba, ba a yin ibada a wurin yanzu, hukumar adana kayan tarihi ke kula da shi, kuma ku ne kuka koya mana duba abin da mutanen dā suka bari.

Abin da ke fara tare ido shi ne hasumiya mai tsawon mita 46, an tsage ta daga sama har ƙasa, rabi na tsaye, rabi ya tafi. Na matsa na shafa bangon. Wallahi marmara ce, irin wadda ake haƙowa a bayan gari wajenmu, ja mai huji-huji, sai dai su sun yanka ta tubali-tubali sun yaɓe da farar ƙasa. Inda yaɓen ya rage, dutsen na nan garau. Inda ya ɓare, ruwa ya cinye shi, ciyawa ta kafa saiwa a cikin ramukan. A ƙasa kuma manyan duwatsun kaburbura ne da rubutun Fotugal, wasu har sun shafe ba a iya karantawa.

Ba zan ce mutanen da suka yi wannan gini hannunsu tsarkakakke ba ne. A zamaninsu an rushe wuraren bautar Hindu, kuma tun 1560 aka kafa kotun addini da ke tuhumar waɗanda aka mayar Kirista idan an zarge su da komawa addinin iyayensu. Abokina da kansa ya faɗa min haka, bai ɓoye ba. Duk da haka sai da jikina ya yi sanyi da na ji yadda ginin ya faɗi, domin ba yaƙi ba ne, ba gobara ba. A 1835 gwamnatinsu ta Fotugal ce ta kori ƙungiyoyin 'yan zuhudu, fada-fadan suka kwashe suka bar gidan. Shekara bakwai kacal, a 1842, babban rufin bakan gizon ya rufta. Ƙararrawar ma aka cire, tun 1871 tana wani coci a Panaji. A 1931 fuskar ginin da rabin hasumiyar suka zube. Daminar can tana da ƙarfi ƙwarai, daga Yuni zuwa Satumba ruwa ba sassauci, kuma babu mai hawa ya toshe yoyo.

Baba, tun a wurin zuciyata ta tafi gidan Kaka na cikin birni. Hoton da Kawu ya turo min ta WhatsApp ya nuna indararon zaure ya faɗi, ga tsaga ta sauko daga zanko har kusa da ƙofa. Tun rasuwar Kaka, Allah Ya jiƙansa, gidan ke kulle, kowa ya koma sabuwar unguwa. A zauren nan ya karantar da ku, a nan ni ma na fara riƙe allo. In ginin dutse bai jure shekara bakwai ba mutum ba, ina ga ginin ƙasa da azara?

Na tura wa Yaya ɗan abin da na tara daga aikin da nake yi da yamma. Ina roƙonku a nemo magini na gargajiya, ba mai siminti ba, ya duba azarar soron, a mayar da indararo, a yi yaɓe da makuba kafin ruwan farko. Na san kuɗin ba za su isa ba, in kun yarda zan yi wa 'ya'yan Kawu magana su kawo nasu. Sannan ina ganin a zuba mutum a ciki, ko ɗan Gwaggo da zai yi aure bayan Sallah, ko malamin allon unguwar da ɗalibansa, don a samu mai shara da mai ganin ɗigo tun yana ƙarami. Amma shawara taku ce, abin da kuka yanke shi za a yi.

A gaida Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya iso. A gaida liman da maƙwabta.

Wassalam,
ɗanku mai biyayya.