Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, kan lafiyar yaranmu ƙanana

Assalamu alaikum ranka ya daɗe,

Da fatan kana lafiya, ya aiki, ya fama da jama'a. Ni uwa ce daga Kano, ba likita ba ce kuma ba na riƙe da kujerar komai, goyo kawai na yi kuma na sha raka 'yan uwa da maƙwabta asibiti da yaro a kafaɗa. Kai na zaɓa na rubuta wa saboda kai ɗan Misau ne, ka shugabanci hukumar lafiya a matakin farko tun 2008, ka yi ƙaramin minista daga 2011 zuwa 2013, sannan a 2023 an riga an ba ka shugabancin Gavi, ƙungiyar rigakafi ta duniya, ka haƙura da shi ka dawo gida. Don haka in na ce maka maɗigar yaro ta faɗa ba sai an nemo maka tafinta ba, ka san abin da nake nufi kuma ka san irin tashin hankalin da uwa ke shiga.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan rubutu shi ne maganar da kullum ake maimaitawa a rediyo da wajen taro, wai iyaye ba sa kai yara asibiti da wuri sai abu ya ɓaci. Eh ana samun haka, ba na musu. Amma ranka ya daɗe ba na jin ana tambayar me ya hana su, kuma wallahi babu uwar da za ta ga ɗanta jiki rau kamar garwashi ta ce bari na ƙi kai shi don ganin dama.

Ɗauki zazzaɓi tunda shi ne abin da ya fi hana mu barci. Yaro ya wuni yana wasa, bayan isha'i jiki ya yi zafi, kafin sha biyun dare ya ƙi nono ya fara amai. Asibitin sha-ka-tafi na unguwa tun la'asar an sa masa kwaɗo, in ma a buɗe yake maigadi ne kaɗai a ciki, babu wuta babu ma'aikaci. Babban asibiti kuwa sai an nemo adaidaita a tsakar dare, ga kuɗin kati ga kuɗin gwaji ga magani, maigida kuma abin da ya samo ranar an riga an ci da shi. Toh ina za a je? Kemis. Mai kemis shi ne a buɗe, shi ne ya san ka, shi zai ba ka bashi zuwa gobe. Zai haɗa farasitamol da maganin maleriya da sirof kala biyu ko uku ba tare da ya ɗiga jinin yaron a abin gwaji ba, wani ma har allura zai yi masa. Wani lokacin a dace, wani lokacin kuma ashe limoniya ce, yaro na numfashi sama-sama haƙarƙari na lotsawa ana ta ɗura masa maganin sauro har kwana uku.

Ka fi ni sanin cewa Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma yawancin waɗanda take kashewa 'yan ƙasa da shekara 5 ne. Gaskiya maganin nan da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata in damina ta kama, daga ɗan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, ya yi amfani, mun gani da idonmu, kuma Allah ya saka wa matan da ke yawo da shi cikin ruwa da taɓo. Mun kuma ji an fara allurar rigakafin maleriya a Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024. Dan Allah a hanzarta ta game ko'ina, don sauron Jigawa da na Yobe da na Zamfara ba ya jiran jadawalin kowa.

Abin da ya fi tsorata uwa shi ne zazzaɓi ya kai yaro ga taune-taune. A lokacin hankali ya gushe, wannan ta ce a sa cokali a baki, wancan ya ce a turara masa hayaƙi, kaka ta kawo jiƙo a ɗura masa alhali ba ya iya haɗiya sai ya wuce huhu. Ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce a kwantar da shi a gefe guda, a rage masa kaya, kar a sa komai a bakinsa, a tafi asibiti. Maganar da ba ta wuce minti biyu a rediyo ba. Amma lokacin da gidajen rediyo ke sayar wa masu maganin gargajiya da ke cewa kwalba ɗaya na maganin basir da shawara da sanyi da daji, ya ninka wanda ake ba ma'aikatan lafiya nesa ba kusa ba, kuma su da Hausa mai daɗi suke magana, ku kuma sanarwarku sau da yawa da Turanci aka tsara ta aka juya, ana jinta an san ba tamu ba ce.

Sai gudawa. A wajenmu da yaro ya kai wata shida ko bakwai ya fara zawo, kalma ɗaya za ka ji, haƙori ne. Shikenan an rufe magana, a jira haƙori ya fito. Alhali lokacin ne yaro ya fara rarrafe yana kai komai baki, an fara ba shi kunu da ruwan da ba a tafasa ba. Yana ta zubar da ruwan jikinsa, ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, sai a kwaɓa magani a manna a tsakiyar kai, ruwan da jikinsa ke nema kuma ba a ba shi ba. Maganin haƙorin da ake saye a kemis ɗin ma ni tsoronsa nake, ba mu manta da My Pikin ba, wanda ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009 saboda gubar da ta lalata musu ƙoda. Abin takaicin shi ne maganin gudawa na gaskiya ba shi da tsada, ORS ne, wato garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba da nono. Me zai hana duk matar da ta je awo ko ta kai yaro rigakafi a miƙa mata ƙunshi biyu ta ajiye a ɗaki, a nuna mata yadda ake haɗawa da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta? An sa rigakafin rota a jadawali tun 2022, madalla, amma mata da yawa ba su ma san cikin ɗigon da ake yi wa yaro a baki ranar allura akwai na gudawa ba, duk a zatonsu na shan inna ne.

Jarirai sababbin haihuwa kuma nasu daban. Yawancin matanmu na karkara a gida suke haihuwa, kuma a satin nan na farko kafin suna ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. A matse dakashi a zubar wai ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa yaro. A yi ta gasa cibiya da tsumma, a shafa man goge baki ko toka, ga shi akwai man kulohezidin da aka yi don cibiya kuma ba tsada gare shi ba, amma je ka ƙauye ka tambaya ka ji mutum nawa suka taɓa ganinsa. A kira wanzami ya cire beli da ƙarfen da ya yi wa wani yaron aiki da safe. Ido ya yi rawaya a ce shawara ce a shanya shi a hantsi a ba shi ruwan gulukos, ga kafur an zuba cikin kayan jariri don ƙamshi, wanda shi kansa yana fasa jinin wasu yaran ya ƙara shawarar. Kafin a kai inda ake da fitilar nan mai shuɗin haske ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya ji ko ba ya iya zama. Ranka ya daɗe ungozoma da wanzamai da kakanni ba za su ɓace ba don an yi fushi da su a taro, su ne ke ɗakin mai jego ba nas ba, a jawo su a koya musu alamomin da in sun gani za su ce a'a wannan ba namu ba ne, a tafi asibiti.

Amma duk wannan mai sauƙi ne a kan tamowa. Wallahi ko rubuta shi nauyi yake min. Yaro ɗan shekara biyu ka ɗauke shi kamar ba ka ɗauki komai ba, gashi ya yi ja ya kwanta, wani kuma ƙafa ta kumbura uwar na murna wai ya fara ƙiba. A sa masa ma'aunin nan na damtse ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce a wata shida na farkon 2025 yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa, wannan fa waɗanda suka samu isa ke nan, ban da na ƙauyukan da 'yan bindiga suka hana noma suka hana bin hanya. A shekarar ce kuma Amurka ta janye tallafi da yawa, abincin nan na leda da ake ba masu tamowa ya yi ƙaranci. Abin da ke ƙona min rai shi ne in ka duba me ke cikinsa, gyaɗa ce da madara da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya. Gyaɗa fa, a ƙasar da aka yi dalar gyaɗa. Bai kamata ran ɗan Batsari ko Zurmi ya rataya a kan abin da wata majalisa a Amurka ta yanke ba, a sa kuɗinsa a kasafinmu kuma a sake shi a kan lokaci. Sannan a bi sawun wanda ake samu a kasuwa ana sayarwa, don ba daga sama ya faɗo kan teburin mai kanti ba. Uwa kuma da za a ce mata ta ba da nono zalla wata shida, a tuna ita ma sau ɗaya ta ci abinci ranar.

Kan rigakafi ba sai na tuna maka gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 a Kano ba, da yadda aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, kai ka yi wannan yaƙin tare da sarakuna har aka kai ga 2020 da aka ce an rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna. Amma tambayar da magidanta ke yi har gobe ba a amsa ta ba: me ya sa ɗigon shan inna ake biyo mu da shi har ƙofar gida kyauta, amma in yaro na zazzaɓi ko farasitamol sai mun saya? Mutum ya ji ana nacin abu ɗaya an bar wanda ke kashe masa ɗa, dole ya yi zargi. Ga sakamakon nan mun gani da mashaƙo ta ɓarke a 2023, Kano ce ta fi kowa jin jiki, kuma yawancin yaran da suka kamu ba su samu allurar nan ta sati 6 da 10 da 14 ba. Ita ma uwar da ta yarda, ta biya kuɗin mota ta je a ce mata yau ba ranar allura ba ce, ko ba za a buɗe kwalbar ƙyanda don yaro ɗaya ba ta dawo wani satin, ko a daka mata tsawa don ta ɓatar da kati, kana ganin za ta koma? In yaro ya yi zazzaɓi bayan allura kuma ba a gaya mata tun farko hakan na faruwa kuma yana wucewa ba, maigida zai ce ba a ƙara kai masa ɗa.

Na san za a ce asibitocin matakin farko na jihohi da ƙananan hukumomi ne ba na tarayya ba. Haka ne, kuma gwamnoninmu ma da nasu laifin babba, tun 2001 aka yi alƙawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya a Abuja. Amma asusun lafiya na matakin farko da dokar 2014 ta kafa, kashi 1 na kuɗin shigar tarayya, ta hannunku yake bi, kuma kai ka yi alƙawarin ninka asibitocin da ke amfana da shi su haura 17,000 tare da sake horar da ma'aikata 120,000. Roƙona kar a ƙirga asibiti don an yi masa fenti an kafa allo. A ƙirga shi in akwai ma'aikaciyar da ke kwana, da sola da ke riƙe firijin allura, da ruwa, da abin gwajin maleriya da ORS da zink da amoksisilin na yara a kan kanta. A liƙa takarda da Hausa a bangon kowane asibiti, nawa aka turo wannan zangon, me aka saya, wane magani ne kyauta ga ɗan ƙasa da shekara 5, da lambar da za mu kira in an ce mu biya. Matan unguwa za su sa ido fiye da duk wani kwamiti da za a turo daga Abuja, don 'ya'yansu ne.

In za ka zo duba aiki kuma dan Allah kar a sanar, kar a zo da rana da jiniya. Ka zo cikin watan Agusta ko Satumba lokacin da ake kwantar da yara biyu ko uku a gado ɗaya, ka shiga kowace ƙaramar hukuma ka ga dama bayan isha'i, ka ƙwanƙwasa ƙofar asibitin da ke cikin lissafinku ka ga wa zai buɗe.

Allah ya yi maka jagora, ya raya mana zuri'a.

Wassalam,
Wata uwa daga Kano