Sanarwa kan hidimar yara a wannan hutu

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da damina.

Tun da aka rufe lakwal yaranmu ba su zauna ba, kullum suna filin ƙwallo, kuma wallahi abin ya yi mini daɗi. Ranar Asabar bayan la'asar za su kara da yaran Zango. Don Allah iyaye mu je, yaro in ya hango babansa a bakin fili ƙarfinsa ƙaruwa yake.

Lahadi kuma za mu kai su Birni su ga fadar Sarkin Damagaram, daga nan mu wuce garaken Mirya. Kowane gida ya kawo jika 2 na mota da ruwa kafin Juma'a, a damƙa wa Yaya babba. Ƙarfe 8 za mu tashi, kada a makara.

Allah ya bar zumunci.